Na Bi Buhun Dawa Daga 'Yandoto Har Ofishin Manjo

Daga Zariya zuwa Tsafe

Ba a kai ga kiran assalatu ba maigidana, Malam Nuhu, ya tada motarsa da ɗan man da ya sha layi kafin ya samu, ya kai ni tasha. Yaranmu biyu na barci, ban tashe su ba. Lokacin kaka ne, shekara guda da 'yan kai bayan an yanke jihar Zamfara daga Sakkwato. Soja ke mulki, man fetur kuma ya yi wuya. Ni a lokacin ƙaramar malama ce a sashen tattalin arziki na jami'a, ina neman digirina na uku, kuma a kan wannan tafiya aikin nawa duka ya rataya.

Abin da nake bincike a kai ba shi da wuyar faɗa. Manomi a ƙauye yana sayar da buhun dawa da arha har ya koka, mai saye a birni yana saye da tsada har shi ma ya koka. Littattafanmu sun ce kuɗin mota ne da ribar ɗan kasuwa suke shiga tsakani. Ni da na tashi a bakin titin Tsafe na san akwai wasu abubuwa biyu da littattafan suka tsallake: 'yan fashin da ke tare hanya, da shingayen jami'an tsaro da aka kafa don maganin 'yan fashin. So nake in gano abin da kowannensu yake ci a jikin buhun nan. Shugaban sashenmu, dattijo mai kirki, ya sa hannu a takardata yana girgiza kai. Ya ce, "Malama Hauwa, ga taki, ga auduga, duk ba ki gani ba sai masu bindiga? A wannan zamanin?" Na ce masa ai masu bindigar ma a cikin kasuwa suke, ba a dai saba saka su a darasi ba ne. Ya ce to, Allah ya tsare.

A tasha muka yi sallar asuba, motar kuwa Fijo ce doguwa, ba ta cika ba sai da gari ya fara wayewa. Na sami wuri bayan direba. Mun wuce Giwa rana na fitowa, gonaki dama da hagu an yanke dawa an tsayar da karan. A Funtuwa na sauka na karya da kunun tsamiya da ƙosai, na canja mota zuwa mai tafiya Gusau.

Tun a wannan hanya aikina ya fara. Shingen duk iri ɗaya ne: ganga biyu, tsohuwar taya, da katako mai ƙusoshi da ake ja da igiya. Na lura direban ba ya tsayawa. Rage gudu kawai yake yi, ya dunƙule hannu ya fitar ta taga kamar mai miƙa gaisuwa, a ja katako mu wuce. Na ce, "Direba, in ba ka miƙa ba fa?"

Ya yi dariya. "Hajiya, sai a nemi takardun mota. In sun cika, a nemi abin kashe gobara. In akwai shi, a ce tayarka ta suɗe. Rana za ta faɗi kina nan."

Wani dattijo mai sayar da fata da ke kujerar baya ya yi gyaran murya. Ya ce, "Gaskiya ne. Amma ran da aka ɗauke shingen da ke gaba da 'Yankara, a makon nan aka tare mu, aka kwantar da mu a kwalta. Ni dai ban san wanda zan zaga ba."

Na riƙe maganar mutanen nan biyu a raina. Kafin azahar muka shiga Tsafe.

Tsafe da 'Yandoto

Gidanmu na bayan tasha, tafiyar ƙafa kaɗan. Mahaifina, Saja Mamman, tsohon soja ne da ya yi yaƙin basasa, ya yi ritaya ya koma gona. Mutum ne mai ƙarancin magana, har yau in zai zauna sai ya miƙe bayansa kamar ana duba fareti. A ƙofar gida na same shi yana gyaran buhuna.

"Kulu, lahiya kinka biyo hanya da wagga tsadar mai?" Haka yake kirana tun ina yarinya.

Na durƙusa na gaishe shi. Bayan Inna, mahaifiyata, ta kawo mana hoce, wato gasasshiyar wainar dawa, da fura mai sanyi, na zayyana masa abin da ya kawo ni. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba. Inna ce ta fara magana, ta ce ita fa ba ta ga dalilin da mace da 'ya'yanta za ta je tana tsokanar masu kaki ba. Baba ya dube ni ya ce, "Gobe da wane lokaci za mu hita?"

Na ce, "Mu, Baba?"

"Awo. Tambaya taki ce, ba ni sa baki. Amma ba ki bin shinge ke kaɗai."

Washegari da hantsi muka hau a-kori-kura zuwa 'Yandoto, tsohon garin malamai, ba nisa da Tsafe. Na shiga gidaje na zauna da mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, Baba kuma ya zauna a zaure da maza. Wata dattijuwa da hannunta ke cikin turmi ta ba ni darasin da na daɗe ina nema. Ta ce a da masu saye daga Funtuwa da Gusau har ƙofar gida suke zuwa, suna rige-rige, kowa na ƙara tayi. Tun da aka tare motar 'yan kasuwa a daji bara, suka ɗauke ƙafa. Yanzu dillali ɗaya ke shigowa, abin da ya faɗa shi ne farashi. Ta ce, "Ɗiyata, ɓarayin ba su shigo gidana ba, ko allura ba su ɗaukar mani ba. Amma kullum kasuwa sai na ji a jikina sun zo."

A bakin masallaci Baba ya haɗa ni da Malam Isiya, direban babbar mota da ke kwasar hatsi zuwa Gusau da Sakkwato. Na canja sunansa a nan, kamar yadda na canja na kowa. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, da tabon harsashi a damtsensa na hagu. Da farko amsa ɗaya-ɗaya yake ba ni. Da ya ga ba sunan kowa nake nema ba, sai ya ja mu inuwar motarsa ya rage murya.

Ya ce, "Malama, abin da muke miƙawa ba shi ad damuwarmu ba, mun saba, a kan buhu muke aza shi. Akwai shinge guda tsakanin Gusau da Bunguɗu. In kin ga sun naɗe kayansu tun rana ba ta hwaɗi ba, to ranar nan kada ki bi hanyar. Sau biyu ina ganin haka, sau biyu ana tare mutane. Ni ban ce komi ba. Amma mu direbobi mun san abin da muke hwaɗi tsakaninmu."

Ya kalli Baba, ya kalle ni. "Ina da mata da ɗiya bakwai. In maganar ga ta hita da sunana, na gama tuƙi, in ma da sauran kwana."

Na ce masa, "Malam Isiya, ga mahaifina shaida. Ko a gaban wa aka tsayar da ni, sunanka ba zai fita daga bakina ba."

Baba ya gyaɗa kai.

Daga Tsafe zuwa Gusau a motar hatsi

Na roƙi Malam Isiya ya bar mu mu bi lodinsa, don in ga hanyar da idona. Na sayi buhun dawa guda a hannun wani manomi a 'Yandoto, na ɗaura masa jan ƙyalle a wuya, aka loda shi tare da sauran. Da sassafe muka hau gaban motar, ni a gefen ƙofa, Baba a tsakiya ya ɗora sandarsa a gwiwa.

Babbar mota ba ta da sauri, kuma ba ta wuce shinge da rage gudu kamar Fijo. Ko'ina sai mun tsaya cak. A wani wuri a hau a soka buhu da ƙarfe a ga ko dawa ce, a wani wuri a ce lodi ya yi yawa, a wani wuri kuma gaisuwa kawai a yi da hannu a wuce. Ni dai kallo kawai nake yi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokaci. Tafiyar da ƙaramar mota take yi cikin awa guda ta cinye mana safiya sukutum, kuma Malam Isiya ya ce a da yakan yi sawu biyu a yini, yanzu ɗaya yake yi, domin ba mai hankalin da zai bari magariba ta same shi a daji da kayan mutane.

Mun tsaya a Kwatarkwashi injin ya huce. Dutsen nan ya tokare sama, shaho na shawagi a kansa. Muka sayi nono a wurin wata Bafillatana, na tambaye ta ko su ma abin ya shafe su. Ta ce an kore wa ƙaninta shanu, sun kai ƙara, aka ce su kawo mai a zuba a mota a bi sawu. Kafin su haɗa, sawun ya bushe.

Kafin mu shiga Gusau Baba ya ce a sauke mu. Ya ce bai kamata a gan mu muna saukowa daga motar bawan Allah nan a tsakiyar kasuwa ba. Muka ƙarasa a tasi, muka tarar ana sauke lodi. Na tsaya gefe har aka zo kan buhuna mai jan ƙyalle, na ji yadda aka yi cinikinsa. Da na kwatanta da yadda manomin ya sayar mini jiya-jiya, sai na ga farashin ya yi tashin gwauron zabo. Dawar ba ta canja ba, ko ƙwaya ba a ƙara mata ba. Hanya ce kawai ta bi.

A Tudun Wada muka sauka, gidan Gwaggo, ƙanwar Baba. Gusau a lokacin ta cika ta batse, sabbin ma'aikata sun kwararo daga Sakkwato, ɗakin haya ya zama gwal, har shagunan da ke kusa da tashar jirgi an mai da wasu ofisoshi. Gwaggo ta yi mana tuwon dawa da miyar kuka da man shanu. Na yi kwanaki ina zaga kasuwar hatsi da tashoshin mota, ina hira da dillalai da 'yan kamasho.

Bunguɗu

Ranar kasuwar Bunguɗu muka shiga ƙaramar bas da safe. Tafiya ce gajera, ga fadama kore shar a gefen kogi, rake da albasa. Sarkin kasuwa ya karɓe mu hannu biyu, ya kira mana shugaban 'yan sintirin garin, wani maharbi dogo mai suna Malam Ɗanjuma. Ya nuna mini yadda suka tsara kansu: kowane gida na ba da ɗan hatsi a kaka, matasa na raka motocin 'yan kasuwa har bakin kwalta da bindigar toka da gora. Na tambaye shi ko abin na aiki. Ya ce yana aiki, amma duk saurayin da ya kwana a hanya, gobe ba ya iya riƙe fartanya. Na ga ashe tsaron ma wani haraji ne da ƙauye ke biya da ƙarfin 'ya'yansa.

Da la'asar sakaliya muka kamo hanyar dawowa. Da muka iso shingen da Malam Isiya ya faɗa, na ce wa direba ya sauke mu. Baba ya dube ni, bai hana ni ba.

Mutum uku ne a wurin, babbansu wani kofur siriri mai jajayen idanu. Na yi sallama, na nuna masa takardar jami'a, na ce ina nazarin wahalar hanya ne, kuma na ji ta bakin direbobi, ina so in ji ta bakinsu. Ya yi mamaki ƙwarai. Ya ce tun da yake aiki ba wanda ya taɓa tambayarsa yadda yake. Ya ba ni benci. Ya ɗaga ƙafarsa ya nuna mini takalminsa, an ɗinke shi da waya. Ya ce alawus ɗinsu ya daɗe bai zo ba, abinci su ke saya wa kansu, ruwa ma sai sun roƙi masu wucewa. Matarsa ta haihu a garinsu, har an yi suna bai je ba.

Hira ta yi daɗi, sai na yi tambayar da ta kawo ni. Na ce, "Kofur, an ce wasu ranakun kukan tashi tun rana ba ta faɗi ba. Me ke sa haka?"

Fuskarsa ta rufe nan take. Ya miƙe tsaye. "Wa ya faɗa miki?"

Na ce magana ce da ake yi a hanya. Ya karɓi takardata ya sake dubawa a hankali, ya tambayi inda na sauka. Ban ɓoye ba, na gaya masa. Ya tare mana mota da kansa, bai sake kallona ba.

A cikin mota Baba ya ce, "Gobe ki sa tuhwahin da ba su takura ki. Za a zo."

Gusau, ofishin Manjo

An kuwa zo. Hantsi bai gama ɗagawa ba wata mota mai launin ƙasa ta tsaya a ƙofar Gwaggo, aka ce shugaban rundunar da ke sintirin hanyoyin yana son ganina. Gwaggo ta fara salati tana kuka. Baba ya sa hularsa, ya ɗauki sandarsa, ya riga ni shiga motar.

Ofishin wani tsohon gini ne na 'yan auduga da aka ba su aro. Aka zaunar da Baba a baranda, aka shiga da ni. Shugaban rundunar Manjo ne, bai wuce shekara arba'in ba, tsaf da shi, Hausarsa ta Kano. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

Ya ce, "Malama, kin je kin gaya wa yarana cewa suna haɗa baki da 'yan fashi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban faɗi haka ba. Tambaya na yi."

"Tambayar da ke da amsa a cikinta. Wani ne ya ba ki ita. Sunansa nake so, sai ki koma wurin 'ya'yanki."

Na ce na yi alkawari, ba zan iya ba.

Ya jingina da kujera. Ya ce ko na san yana da ikon tsare mutum ba tare da an kai shi gaban alƙali ba? Ko na san takarda ɗaya daga teburin nan za ta iya raba ni da aikina? Na ce na sani. Ya ce to in je in yi tunani.

Aka kai ni wani ɗaki mai benci ɗaya da taga a can sama. Ba zan yi ƙarya ba, na tsorata. Na tuna yarana da na bari suna barci, na tuna shekarun da na kashe a karatu. Zuciya ta ce mini ai direba ne kawai, ƙila tambayoyi za a yi masa a sake shi. Sai na tuna tabon da ke damtsensa da yadda ya kalli mahaifina kafin ya yi magana. Da azahar wata jami'a ta kawo mini buta da tabarma, na yi salla, na roƙi Allah kada ya bar harshena ya ci amanar mutum.

Bayan nan aka sake shiga da ni, na tarar an kira Baba. Yana tsaye ƙyam a gaban teburin, tsoho mai furfura, ya ƙame kamar ranar da ya shiga soja.

Manjo ya ce, "Saja, an ce ka yi yaƙi. Kai ka san abin da irin wannan magana take yi wa runduna. Ka yi wa 'yarka magana."

Baba ya ce, "Ranka shi daɗe, a gabana ta yi alkawalin. Ni ma na san sunan mutumin, tare munka zauna da shi. Ita ba ta hwaɗi, ni ma ba ni hwaɗi. In tsarewa ce a haɗa mu, ni na san gadirum tun kana makaranta."

Manjo ya juyo gare ni. Ban san inda ƙarfin ya fito mini ba, na ji kawai ina magana.

Na ce, "Ranka ya daɗe, tun safe kake tambayata wa ya faɗa. Ba ka tambaye ni me na gani ba. Na ga kofur ɗinka da takalmi ɗinke da waya. Na ga mutum uku a tsakiyar daji ba mota, ba ruwa. Na kuma ga hannun da direbobi ke miƙawa, na bi buhun dawa na ga yadda wannan hannu yake isa har tukunyar talaka. Kai ka san dalilin da ya sa shingen nan yake tashi da wuri. Direbobi ba su sani ba, don haka suka ba kansu amsa. In ka kama mutum ɗaya a cikinsu yau, ka tabbatar musu da amsarsu ke nan, kuma ba wanda zai sake zuwa ya gaya maka inda ya ga baƙuwar fuska a daji."

Manjo ya ture kujerarsa baya. Sannan ya miƙe ya ce mu biyo shi.

Bayan ginin ya kai mu. Motocin sintiri ne jere a kan duwatsu, wata ba taya, wata ba inji, kaji na kiwo a ƙarƙashinsu. Ya nuna guda ɗaya mai lafiya. Ya ce, "Wannan ce ke kai su, ita ke kwaso su, ita ke zaga dukan hanyar. Ran da mai ya yi ƙasa, dole a fara kwaso na nesa tun da rana. Ɓarayi suna da ido, suna gani. Na taɓa barin yara biyu a wurin har duhu don kada a ce mun gudu. Ni na kai gawarsu gida." Ya juyo gare ni. "In da gaske bincike kike yi, ki rubuta wannan ma."

Na ce, "Zan rubuta shi. Zan kuma rubuta abin da ake karɓa a shinge, don shi ma gaskiya ne."

Bai ji daɗi ba, fuskarsa ta nuna. Ya ce wannan kuma ni ta shafa. Bai ce na yi daidai ba, bai kuma ba ni haƙuri ba. Sharaɗinsa shi ne in zo gobe in yi hira da duk wanda ya yarda a cikin yaransa, kada in rubuta sunan kowa, jibi kuma in bar garin. Na ce na amince. Da za mu fita Baba ya sara masa, shi ma ya ɗaga hannu ya amsa.

Washegari na yini a ƙarƙashin bishiyar darbejiya a harabar, suna zuwa ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka yi ta kare kansu, wasu suka faɗi abin da ban zaci za su faɗa ba. Babin da ya fi kowanne ƙarfi a kundina daga inuwar nan ya fito.

Komawa gida

Mun baro Gusau da sassafe, muka iso Tsafe rana ba ta yi zafi ba. Ashe labari ya riga mu. A tasha na hango motar Malam Isiya ana yi mata lodi, shi yana zaune a kan buhunan hatsi. Bai sauko ba, bai kira sunana ba, ni ma ban nufe shi ba. Dunƙule hannu ya yi ya jinjina daga nesa, ya ci gaba da aikinsa.

Na kwana ɗaya a gida. Inna ta haɗa mini tsarabar ƙuli-ƙuli da daddawa da kuka, ta raka ni har soro tana yi mini faɗa a hankali. Na bi ta Funtuwa kamar yadda na zo, motar ta lalace sau ɗaya kusa da Giwa, muka sha jira a bakin hanya. Ana kiran magariba na shiga Zariya. Yara suka ruga suka rungume ni, Malam Nuhu ya karɓi jakata yana cewa na rame.

Na kare kundin bayan soja sun miƙa mulki, kuma tun daga nan a kan wannan fanni na tsaya: rikici, jami'an tsaro, da abin da suke yi wa noma da kasuwa. Ɗalibaina da yawa sun bi wannan layi, wasu sun wuce ni. Hanyoyin da na bi a lokacin sun ga abin da ya fi wancan muni daga baya, ina roƙon Allah ya kawo musu sauƙi.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Gwaggo da tuwonta, da matan 'Yandoto, da Malam Ɗanjuma da mutanen Bunguɗu, da kofur ɗin da ya ba ni benci, har da Manjon da ya tsare ni yini guda ya kuma nuna mini bayan ofishinsa. Na gode wa Malam Isiya da ya ba ni amanar da ta fi ƙarfin takarda.

Baba kuwa, Allah ya jiƙansa, har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa tada mini maganar ranar nan ba. A soro, ranar da zan koma Zariya, da Inna ta gama faɗanta, ta riƙo hannuna ta waiga ta tabbatar ba ya kusa. Ta ce da muka dawo daga Gusau ya shiga ɗakinta ya zauna a bakin gado, ya cire hula. Sai ya ce mata, "Shekara da shekaru ina baƙin cikin ba wanda ya gaje ni cikin ɗiyana maza. Ashe sojan na nan, makaranta munka kai ta."